Shekarar da Kawu Ya Juya wa Bako Baya

Da sunan Allah, Mai bayarwa Mai karɓa, Wanda ba Ya neman izinin kowa. Daga gare Shi muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu a gidansa na unguwar Bekaji a Jimeta bayan 'yar gajeriyar jinya, aka yi masa sutura da rana. Na ɗauki alƙalami ne don kada jikokinsa su tashi ba su san komai game da shi ba sai hoton da ke rataye a falo, wanda ma bai yi kama da shi ba, domin a hoton yana murmushi ne irin na wanda aka ce ya yi.

A zaman makoki na ga mutane iri-iri, har na riƙa tambayar kaina ko mutum ɗaya duk suka zo yi wa addu'a. Tsofaffin abokan aikinsa na gidan rediyo sun zauna gefe guda a ƙarƙashin dalbejiya. Da aka shafa fatiha, can sai gardama ta tashi a tsakaninsu kan wata waya da Kawu ya sa aka yanke tun shekarun baya, wannan yana cewa ya rage ta da yawa, wancan yana cewa daidai ne, sai da liman ya yi gyaran murya. Wani Babarbare mai sayar da huluna a kasuwar Jimeta ya ce shi bai taɓa sanin aikin marigayi ba. Abin da ya sani, shi ne dattijon da ya hau tsani ya karkatar da lasifikokin masallacinsu, tun daga ranar kiran salla yake isa layin 'yan kifi, ya kuma daina faɗawa kan ɗakin haihuwar da ke bayan masallacin. A cikin gida kuwa, matan da suka fi kowa kuka ba danginmu ba ne. Daga ƙauyukan arewa suka zo, can bayan Hong, wasu Musulmi wasu Kirista, suka zauna a tabarma ɗaya.

Sai wani tsohon manomi daga unguwarmu ta Bako ya iso, ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira ni da laƙabin malanta da aka san ni da shi, ya ce, "Modibbo, Allah ya jiƙan mutumin da ya juya mana baya." Waɗanda ke kusa suka ɗaure fuska, sun ɗauka baƙar magana ya kawo gidan mutuwa. Ni na san ba haka ba ne, domin yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Wannan magana nake so in warware, saboda halin Kawu duka yana cikinta.

Kawu injiniyan eriya ne. Ya yi aiki a gidan rediyo, ya koyar a makarantar fasaha, sannan ya yi ritaya. A dangi an daɗe ana zaton gyaran rediyo yake yi, kowa rediyonsa ya mutu sai ya aika masa. Bai taɓa cewa ba aikinsa ba ne. Yakan gyara ya mayar, har da sabon batir a ciki. Yana da sanda da yake dogarawa tun kafin ya buƙace ta, amfaninta a wurinsa shi ne zane a ƙasa. Duk inda ya zauna, in ya tashi za ka tarar da zanen wani abu mai kama da ganye, babba ɗaya da ƙanana a gefensa. Matarsa takan hana a share tsakar gida sai an tambaye shi.

Ni karatun allo da littattafan ajami na yi, ban shiga lissafin boko ba. Wata rana a tsakar gidanmu na tambaye shi mene ne wannan ganye da yake zanawa. Bai ce ba zan gane ba. Ya jawo kwanon ruwan alwala ya bari ya natsu, ya tsoma yatsa ɗaya yana ɗagawa, ruwan ya riƙa yin da'ira yana tafiya ko'ina daidai wa daida. Ya ce wannan shi ne turken eriya guda ɗaya, yana watsa murya gabas da yamma, kudu da arewa, har inda babu kowa sai duwatsu. Sannan ya tsoma yatsu biyu. Na duba da kyau, sai na ga ta wani ɓangare igiyoyin ruwan suna haɗuwa su yi ƙarfi, ta wani ɓangaren kuma suna cin juna ruwan ya kwanta lumui. Ya jinkirta yatsa ɗaya kaɗan, wurin da ya kwanta ya matsa gefe. Ya ce aikinsa ke nan. In an jera turaku, aka ba kowanne murya ɗaya, to abu uku ne a hannun injiniya: tazarar da ke tsakaninsu, jinkirin da za a yi wa kowanne, da rabon ƙarfin da kowanne zai samu. Da waɗannan ukun ake tattara murya a tura ta inda ake so. Babban ganyen shi ne inda muryar ta nufa, ƙananan su ne abin da ya zube a gefe, tsakaninsu kuma akwai inuwa inda ba a jin komai.

Yana da magana da yake yawan faɗa wa ɗalibansa, mu ma a gida mun haddace ta. Yakan ce eriya ba ta ƙirƙirar murya, rabo kawai take yi, duk inda ka ƙara wa wani to wani ka rage wa, aikinka shi ne ka san wa ka rage wa, kada ka ce ba ka sani ba.

Sai ga shekarar da aka gudo. Wanda yake Yola ko Jimeta a lokacin ba ya bukatar a tuna masa. Mutanen daji sun ci garuruwan arewacin jihar, jama'a suka kwararo da ƙafa da bayan motocin kaya, kowane gida ya cika da baƙi. An ƙone turakun waya a can, saboda haka wanda ya tsira ba shi da hanyar sanar da wanda ya bari a baya. Mata ta iso Jimeta ba ta san ko mijinta yana kan dutse ko yana ƙarƙashin ƙasa ba. Abin da ya rage a hannun masu ɓuya shi ne ƙaramin rediyo mai batir.

Akwai wani gidan rediyo da turakunsa suke hayin kogi. Shugabanninsa suka buɗe ƙofa, duk wanda ya gudo ya zo ya yi magana da bakinsa da harshensa, ya ce ni wance ce, ina raye, ina gidan wane a unguwa kaza, wanda ya ji ya gaya wa nawa. Matsalar ita ce muryar tashar ba ta kaiwa can. Injin watsawar ya tsufa, ƙarfinsa ya ragu, sabo kuwa ba a maganarsa a wannan hali. Sai aka tuna da Kawu. Ya je ya duba, ya tarar da turaku huɗu a jere tun na zamanin da, ɗaya kawai ake amfani da shi, ukun sun zama wurin hutawar shamuwa. Ya ce ƙarfin da ake da shi ya isa, in dai za a daina zubar da shi ta ko'ina.

Babbar 'yarsa ta gaje shi, a lokacin tana koyarwa a jami'a. Taubashiyata ce, ina ce mata Injiniya, ita kuma tana ce mini mai tawada. Su biyu suka zauna kan aikin. Turakun an kafa su da siminti, ba sa matsawa, saura jinkiri da rabon ƙarfi, amma ko a hakan hanyoyin haɗa su sun fi ƙarfin lissafin hannu. A zamaninsa, in ji Kawu, sai a canza abu ɗaya, a aika mutum da na'urar awo ya zagaya ya dawo, a sake canza wani, har shekara ta ƙare. Ita kuwa kwamfuta ta kawo. Ta bayyana mini hanyarta da cewa irin zaɓen iri ne da manoman Bako ke yi. Kwamfutar takan shuka zato masu yawa, ta auna ganyen da kowanne zai fitar, ta ajiye masu kyau ta zubar da sauran, ta haɗa masu kyan su haifi wasu, ta sake aunawa, haka haka har amfanin ya daina ƙaruwa.

Kawu bai yi gaba da kwamfuta ba kamar yadda wasu tsofaffi ke yi. Abu biyu kawai ya nace a kai. Na farko, a riƙa jefa baƙon iri a cikin zaɓaɓɓun, wanda bai yi kama da kowa ba, domin in ba haka ba injin zai hau ɗan tudu ya zaci ya kai ƙololuwar dutse ya zauna. Na biyu, kuma shi ne ya fi damunsa, shi ne ma'aunin da za a ba ta. Ya ce kwamfuta ba ta san alheri ba, abin da ka ce mata shi ne kyau shi za ta bi har ƙarshensa ba kunya. Saboda haka suka daɗe a kan ma'aunin fiye da yadda suka daɗe a kan lissafin. Suka ce mata babban ganye ya miƙe arewa iyakar iyawarsa. Suka ce kada murya ta yi yawa ta gabas, domin akwai yarjejeniya kada tashar wata ƙasa ta taka ta maƙwabciyarta. Suka ce Jimeta ta ci gaba da ji, tunda nan masu saƙon suke.

Amsar da ta fito ta yi kyau ƙwarai, ganye dogo siriri ya nufi duwatsun arewa. Amma turakun a jere suke daga kudu zuwa arewa, kuma abin da ke bayansu kai tsaye shi ne tsohon garin Yola. Inuwar ta faɗa daidai kan Bako. Kawu ya gani a zanen tun kafin a taɓa waya ɗaya, ya kuma sa hannu aka yi.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ita ce babbar yayarsa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba. Idonta ya riga ya tafi a lokacin, ƙafa ma ba ta kai ta nesa. Rediyon nan shi ne ƙofarta zuwa duniya. Da shi take jin tafsiri, da shi take jin gaishe-gaishe, kuma wannan tashar kaɗai take so don malamin da ke karatu a cikinta yana fassarawa da Fulatanci irin na tsofaffi. Wata safiya ta murɗa, sai shuu. Ta ce a canza batir, aka canza. Ta ce a kai wa Auta ya duba. Kafin a kai, wata maƙwabciya ta shigo ta ce ai duk unguwa haka ne, kuma an ce ƙanenki ne ya juya ƙarfunan.

Ba rashin rediyon ne ya fi yi mata ciwo ba, ko da yake shi ma ya yi. Abin da ya tsaya mata shi ne a bakin maƙwabta ta ji, kuma azumi na ƙaratowa. Dada Bafulatana ce ta asali, ba ta ɗaga murya. Da Kawu ya zo da yamma ya yi sallama, ta amsa sallamar cikakkiya, domin wannan haƙƙin Musulmi ne. Daga nan ba ta ƙara ce masa komai ba. Ya yi bayani tun daga turaku har zuwa matan da ke layi a ƙofar tashar, ta saurara har ya gama, sannan ta juyo wajena ta ce, "Gaya wa mai ƙarfuna na ji."

Daga ranar na zama masinja tsakanin mutum biyu da ke zaune a tabarma ɗaya. Na yi mata nasiha da abin da na sani game da zumunci, ta ce ita ba ta yanke zumunci ba, ai tana amsa sallama, in kuma ina da wani karatun in kai makaranta. Abin da nake tsoro, shi ma Kawu shi yake tsoro ko da bai faɗa ba, shi ne shekarunta sun yi nisa kuma jikinta ba daɗi. Kada a wayi gari ta tafi, kalmar ƙarshe da ta yi masa ta zama ta bakin wani.

Ya fara da abin da ya iya. Ya zo da doguwar waya zai ɗaura daga bishiyar mangwaro zuwa tagarta, ya ce da wannan rediyonta zai kamo abin da ya rage na muryar. Har ya jingina tsani, ta ji motsi ta tambaya, na gaya mata.

"Tambaye shi," ta ce, "ni kaɗai ce mai kunne a Bako?"

Ya sauko ya naɗe wayarsa.

Injiniya ba ta ji daɗin abin ba, domin Dada Goggonta ce kuma a ɗakinta ta yi yarinta. Ta koma kan kwamfuta ta ƙara Bako a cikin ma'auni, ta bar injin ya yi ta zaɓen irinsa. Ina nan a falon Bekaji ranar da ta nuna wa mahaifinta sakamakon. An sami ɗan ƙaramin ganye da ya leƙo kudu, wanda zai ishi Bako. Amma kowace amsa da injin ya kawo, babban ganyen sai ya gajarta daga kansa. Ta ce abin da za a rasa kaɗan ne, 'yan ƙauyuka ne a kan duwatsu can ƙarshe, kuma ba wanda ya san ko akwai sauran mai rai a cikinsu. Ya tambaye ta ko za ta iya rantsuwa babu kowa. Ta ce ba za ta iya ba.

"Baba," ta ce, "Goggo tana nan muna ganinta. Waɗancan zato ne."

"Goggonki tana da ni," ya ce. "Su kuma, wa suke da shi?"

Ta rufe kwamfutar da ɗan ƙarfi ta shige ciki. Sun yi kwanaki ba sa hira sai ta aiki. Ni kuwa na fito ina tunanin yanzu Kawu ya ɓata da yayarsa, ya ɓata da 'yarsa, ya ɓata da unguwar da aka haife shi, inda har an fara cewa wanda ya koma Jimeta ya manta da mafari. Bai kare kansa a wurin kowa ba.

Washegari bayan la'asar sai ga shi a Bako cikin keke mai ƙafa uku. A lokacin an hana babur, kuma daga Bekaji zuwa cikin Yola akwai shingayen bincike inda ake sauke mutum a duba shi, tsoho ko yaro. Ya yi sallama, ta amsa. Ya zauna a bakin ƙofarta ya jingina sandarsa, ya dube ni kamar ni ya zo wa, ya ce Modibbo, yau malam ya tashi daga aya kaza. Ya kawo tafsirin safiyar nan tun daga farko, gwargwadon abin da ya riƙe. Da ya gama ya shiga gaishe-gaishe, wane na gaida wance, sannan saƙonnin masu gudun hijira. Dada ta juya fuska bango tana jan carbi. Washegari ya dawo, ya kuma ci gaba da dawowa har azumi ya kama, yana zuwa da bakinsa a bushe.

Gaskiya Kawu ba gwanin karatu ba ne. Lissafi ne nasa, jan aya kuwa sai a hankali. Ba a daɗe ba Dada ta kasa haƙuri, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Gaya masa ba haka malam yake jan wurin nan ba, ya cinye madda." Na gaya masa, alhali yana zaune kusa da ita fiye da ni. Ya ce in ce mata ya gode, ya maimaita. Ta ce in ce masa da sauƙi. Matan maƙwabta suka fara shigowa suna zama bayan labule. Maza suka riƙa tsayawa a zaure, har da tsohon manomin nan, wanda da farko ya zo ne ya ji da wane baki mutumin zai yi magana, daga baya ya zama shi ke share wurin zaman. Masu shaƙiyanci suka sa masa suna tashar Bako, suna tambayarsa ko yau akwai labarin wasanni. Yakan ce wannan sashen ba a buɗe ba tukuna.

Akwai wata ɗabi'a tasa ta lokacin da ta sa wasu suka ɗauke shi marar tausayi. Hanyar arewa a rufe take, ba a iya zuwa a auna ko muryar tana isa inda aka nufa, saboda haka ma'auninsa shi ne sababbin isowa. Duk wanda ya ji ya sauko daga duwatsu sai ya neme shi ya tambaye shi a ina ya ji rediyon, da safe ne ko da rana, sarai ko da shuu. Mutum ya rasa gida da gona, ga dattijo yana tambayarsa ƙarar rediyo. Amma in ya gama tambayar yakan kai mutumin gidansa, kuma a wannan shekarar falon Bekaji bai taɓa zama babu baƙo ba.

Ina tare da shi ranar da wani magidanci ya ce a kan dutsen ƙauyensu ya ji muryar matarsa, shi ya sa ya san inda zai nufa. Da ya faɗi sunan ƙauyen na ga Kawu ya ɗan runtse ido, domin yana cikin waɗanda ke can kan ganyen, waɗanda da an gajarta shi da sun fita. Na zaci zai yi hamdala ya tsaya nan. Sai ya tambaye shi sarai ko da shuu. Mutumin ya ce da shuu, sai da ya manna rediyon a kunne. Kawu ya kwana biyu yana damuwa da wannan shuu ɗin, har suka koma shi da 'yarsa suka sake taɓa rabon ƙarfin turke na uku, kuma a kan wannan aikin ne hirarsu ta dawo. Na ce masa ya kawo mutumin gaban Dada ta ji da kunnenta. Ya ce a'a, ba shari'a suke yi da yayarsa, wadda yake kira Adda, ba da zai kawo shaida, ita ma tana da gaskiyarta, domin ya kamata a ce a bakinsa ta fara ji.

Da Allah ya kawo sauƙi, mutane suka fara komawa garuruwansu, aka sake kafa turakun waya. Bukatar dogon ganye ta ragu. Kawu da Injiniya suka sake ma'auni, wannan karon da Yola a ciki tun daga farko, suka fitar da ganye mai faɗi wanda bai bar kowa a inuwa ba sai wani yanki na fadama. Ya sa aka auna unguwa-unguwa cikin keke kafin ya yarda. Sannan ya zo Bako da yamma kamar kullum, ya yi sallama, ta amsa. Wannan karon bai dube ni ba.

"Adda," ya ce, "gobe da safe ki murɗa rediyonki."

Ta daɗe tana jan carbi. Ni har na buɗe baki zan isar da saƙon da ta riga ta ji, sai ta juyo da fuskarta wajen muryarsa.

"Auta. To kai kuma shi ke nan?"

Ya ce in tana so ya riƙa zuwa, zai zo. Ta ce ita ba ta ce tana so ba, tambaya ta yi. Ya ce to zai zo. Ta ce in zai zo ya riƙa gyara maddarsa tun daga gida, kuma ya daina zuwa da rigar nan mai warin man inji. Matan da ke bayan labule suka yi dariya ƙasa-ƙasa, ni kuma na tashi na ba su wuri, domin aikina ya ƙare. Bai daina zuwa ba. Da ƙarfi ya ragu ya mayar da shi ranar Juma'a, suna sauraron rediyon tare, tana gyara wa mai karanta labarai Fulatancinsa, shi kuma yana cewa a ɗan juya rediyon ya fuskanci taga.

Ranar da ya cika, da hantsi ne. Aka ce ni zan je in gaya wa Dada, domin ba wanda ya iya. Na shiga na yi sallama, ta amsa, ta ce tafiyata ba irin ta kullum ba ce. Na gaya mata. Ta yi salati, ta yi istirja'i, ba ta yi kuka ba. Can ta ce in miƙo mata rediyo. Na ɗauka ruɗewa ce, amma na miƙa. Ta murɗa da kanta, ta ɗora shi a cinya, muka zauna. Ba a jima ba mai sanarwa ya katse shiri, ya karanta rasuwar tsohon injiniyansu, ya faɗi unguwa da lokacin jana'iza, ya maimaita da Fulatanci. Kowace kalma ta fito tsaf kamar mutumin yana zaune a bakin ƙofa.

"Ya iso sarai," ta ce. "Babu shuu ko kaɗan."

Ta kashe rediyon, ta ce in tashi in tafi kada a sallace shi ba na nan. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta ce, "In ka tsaya a kansa, ka gaya masa…" Sannan ta ce, "A'a, je ka. Wannan ni zan gaya wa Ubangijinsa da bakina." Na bar ta ta ɗaga hannu.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka san waɗanda ya ƙara wa, Ka san waɗanda ya rage wa, Ka kuma san bai ɓoye wa kansa ko ɗaya ba. Ka karɓi shaidar yayarsa a kansa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba ta haƙuri a ranakun Juma'a, mu kuma Ka kyautata namu zuwan. Amin.